Ma'anar RTL: jingina rubutu dama daban, alƙiblarsa daban

Duk mai tallan manhaja yanzu sai ka ji ya ce tasa "tana da RTL", masu koyar da kwamfuta kuma suna ta maimaitawa. Kowa ya san haruffan nan uku na nufin rubutu daga dama zuwa hagu, irin na Ibrananci da Larabci da ajaminmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake koya wa mutane cewa su danna maɓallin da ke jingina rubutu a gefen dama, shi ke nan sun yi RTL. Ba su yi ba. Jinginawa tana tura layi gefen takarda ne kawai. Alƙiblar sakin layi ita ke faɗa wa kwamfuta inda jimla ta fara da inda ta ƙare, kuma a kanta makomar kowace aya da waƙafi ta rataya.

Kwamfuta tana ajiye haruffa bi da bi yadda aka buga su, sannan ta jera su a fuskar allo bisa ƙa'idar Unicode (tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta) ta rubutu mai alƙibla biyu, wadda ake kira bidi. A ƙa'idar, harafin boko, irin na Faransanci, mai ƙarfi ne, ya san hagu zai fara. Haruffan Ibrananci 22 su ma haka, daga dama. Amma tazara da aya da alamar tambaya da baka ba su da alƙiblar kansu. In suka faɗo tsakanin haruffa biyu masu alƙibla ɗaya, sai su bi su. In na gaba da na baya suka saɓa, sai su bi alƙiblar sakin layi.

Ɗauki mai rubutu da Ibrananci da ya kawo tambayar Faransanci a ƙarshen sakin layi: Comment allez-vous ? Bayan alamar tambayar babu wani harafin Faransanci, don haka sai ta bi sakin layin, ta tsallake ta koma hagu da kalmar Comment, ta zama kamar ita ta buɗe jimlar. Faransanci ya fi jawo wannan rikici saboda al'adarsa ta barin tazara kafin alamar tambaya da ta motsin rai da ruwa biyu, da kuma cikin alamun zance « ». Kowace tazara ƙarin abu ne marar alƙibla. Su kansu « da » suna cikin alamun da ke juya fuska kamar baka: in ɗaya ta faɗa ɓangaren dama zuwa hagu, bakinta zai kalli wancan gefen, sai ka ga zance ya buɗe da alamar rufewa.

In aka juya lamarin ma bai tsira ba. A jimlar Faransanci, jera kalmomin Ibrananci biyu da waƙafi a tsakaninsu, a ce שלום da farko sannan תודה a bayanta. Waƙafin yana tsakanin masu alƙibla ɗaya, sai ya ɗinke su su zama gungu guda, mai karatu daga hagu ya fara cin karo da ta biyu. A ƙamus ko jerin kalmomi wannan ɓarna ce babba, don fassara za ta hau kan kalmar da ba tata ba. Lamba ma haka take: buga 12 bayan kalmar Ibrananci, sai ta bayyana a hagunta.

Gyaran yana farawa daga sakin layi. A Word, bayan an ƙara Ibrananci cikin harsunan kwamfutar, Ctrl da Shift na dama suna mai da sakin layi dama zuwa hagu, Ctrl da Shift na hagu su dawo da shi. A manhajar LibreOffice sai an kunna CTL, wato zaɓin rubutu irin na Ibrananci da Larabci, a saitin harsuna, sannan Ctrl+Shift+D da Ctrl+Shift+A su yi wannan aikin. Harshen da ya mallaki jimlar shi ke da alƙibla, ko da kalmomin baƙon harshe sun fi yawa a cikinta.

Word yana da wata ɗabi'a tasa: yana lura da harshen allon madannai a lokacin da aka buga alama. Saboda haka da ka gama kalmar Ibrananci, koma Faransanci da Alt+Shift kafin ka buga tazara ko waƙafi, ba bayan ka buga ba. Wannan kaɗai yana kashe yawancin matsalar. Tazarar da ke zuwa kafin alamar tambaya kuwa a buga ta da Ctrl+Shift+Space, don kada alamar ta faɗa sabon layi ita kaɗai.

In abin ya ƙi, akwai haruffa biyu da ido ba ya gani, aikinsu kawai nuna alƙibla: LRM na hagu zuwa dama mai lamba 200E, da RLM na dama zuwa hagu mai lamba 200F. A Word, rubuta lambar, ka zaɓe ta, ka danna Alt+X, sai ta koma harafin. Sa LRM bayan alamar tambayar nan ta Faransanci, za ta koma mazauninta. Sa shi bayan waƙafin da ke tsakanin kalmomin Ibrananci, su rabu su tsaya yadda aka buga su. Tun 2013, da fitowar Unicode 6.3, ƙa'idar ta fara ɗaukar baka biyu a matsayin tagwaye masu tafiya tare, amma ba kowace manhaja ta bi sahu ba.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne dabarar buga aya a farkon jimla don ta fito a ƙarshe, ko cusa tazara har sai abin ya yi kyau a ido. A allonka zai yi daidai, amma ajiyayyen rubutun ya gurɓace. Ranar da aka kwafe shi zuwa imel, ko aka sauya girman haruffa layi ya karye a wani wuri, komai zai watse, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma za ta bi shi a birkice. Mai haɗa ajami da boko a takarda ɗaya zai ci karo da duk wannan, sai dai Larabci yana da alamar tambaya tasa mai alƙiblar dama, alhali Ibrananci da Faransanci alama ɗaya suke rabawa, shi ya sa kwamfuta ba ta iya gane ta wane ce sai an faɗa mata.