Fim ɗin zane mai bin kiɗa: Oskar Fischinger

Wannan wani nau'in katun ne da ba mutum ba dabba ba labari, layuka ne kawai da da'irori da launuka suna motsi suna bin kiɗa. A Jamus abin ya kankama, Walter Ruttmann ya nuna Lichtspiel Opus I a 1921 da kiɗan da Max Butting ya rubuta masa. Waye na farko dai har yanzu ana jayayya, musamman kan shekarar da Hans Richter, wani mai zane ɗan Jamus, ya ce ya yi nasa fim ɗin.

Yadda ake yin sa

Wanda ya fi zurfi a harkar shi ne Oskar Fischinger, an haife shi a Gelnhausen a 1900. Daga wajajen 1929 ya fara jerin da ake kira Studien, da gawayi yake zane a farar takarda, ɗaya bayan ɗaya har dubbai, sai ya ɗauki hoton kowace sannan a juya fim ɗin, baƙi ya koma fari, shi ya sa za ka ga fararen layuka suna shawagi cikin duhu. Kafin ya taɓa gawayin ma sai ya auna kiɗan faifai tsaf ya san inda kowane bugu zai faɗa, don hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya kuma kuskure kaɗan ido zai kama. Gaskiya haƙurin mutumin nan abin jinjina ne.

Launi ya shigo da tsarin Gasparcolor, inda kowane hoto sai an ɗauke shi sau uku, da shi ya yi Komposition in Blau a 1935. 'Yan Nazi ba sa ƙaunar irin wannan zane, a 1936 Fischinger ya koma Amurka. Can ya yi Motion Painting No. 1 a 1947, fentin mai a kan Plexiglas (roba mai kama da gilashi) da kiɗan Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus. Ya rasu a 1967.

Gyara da adanawa

Tsofaffin kwafin a kan fim ɗin naitiret suke, mai saurin kamawa da wuta, yana kuma ruɓewa in ya daɗe. Matarsa Elfriede ce ta riƙe kayan, masanin tarihin fim William Moritz ya yi shekaru yana taya ta tantancewa. Masu gyara sukan gwama kwafi da kwafi su zaɓi mafi lafiya, wahalar ita ce dawo da launin Gasparcolor da daidaita sauti da hoto. Yanzu cibiyar Center for Visual Music a Amurka ce ke kula da yawancin aikin.