Waiwaye: Me ya sa kayan bugun 3D ke lanƙwashewa a zafin Damagaram?

Gardamar ta ƙi ƙarewa tsakanin ɗalibanmu masu karatun injiniya da makanikan garaji. Ɗalibi ya buga maƙalin waya na kan babur ko murfin akwatin batirin sola da injin 3D, mai gina abu da roba sahu bisa sahu, ya nuna takardar da ta zo da zaren roba, inda aka rubuta cewa tana jure ja har megafaskal (ma'aunin ƙarfi) 50 ko 60. Makanike ya ɗaura abin, bayan ɗan lokaci a ranar bazara ya dawo da shi a karkace, ya ce wasan yara ne. Wasu na ɗora laifin a kan injin mai araha, wasu a kan gaggawar ɗalibai. Amma raunin ya girmi duk waɗannan injuna, kuma yana da tarihi.

Farkon labarin sananne ne. A 1981 Hideo Kodama na Nagoya a Japan ya bayyana yadda za a daskarar da ruwan roba da haske, sahu bisa sahu. A 1984 wasu masu bincike uku a Faransa da Chuck Hull a Amurka suka nemi rajistar mallakar irin wannan dabara. Carl Deckard yana ɗalibi a Jami'ar Texas ya fito da haɗa garin roba da hasken leza, sannan a 1989 Scott Crump ya nemi rajistar narkar da zare ana zuba shi ta ƙaramin baki, dabarar da kusan duk injin da ke shigowa Nijar yake bi. A wancan zamani samfuri ake bugawa, a duba a gyara zane, sannan a je masana'anta a ƙera na gaske. Ba wanda ya sa ran abin zai ɗauki nauyi.

A 2002 masu bincike a Jami'ar Berkeley suka ja robar ABS da aka buga har ta tsinke. Samfuran da layukansu suka ɗan hau juna sun kai kashi 65 zuwa 72 cikin 100 na ƙarfin robar da aka zuba a mazubi, kuma sun ga cewa alkiblar layuka da tazarar da ke tsakaninsu su ne masu tasiri, ba launi ko faɗin layi ba. Kamar katangar bulo ne: ba bulon ke fara tsagewa ba, layin simintin da ya haɗa su ne.

Mararrabar da ba a cika waiwaya ba ta zo bayan nan, kuma ita ta fi shafarmu. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, injin da kowa zai iya haɗawa a gida, zanensa kyauta a intanet. Injinsu na farko, Darwin, farantin da yake buga aiki a kansa ba mai zafi ba ne. To, ABS ba ta son farantin sanyi. Ana zuba ta a digiri 230 zuwa 250, tana hucewa tana tsukewa, sahun sama ya ja na ƙasa, kusurwoyi su ɗage, aikin ya ɓalle tun bai kai rabi ba. Kafin ta zauna sai faranti ya kai wajen digiri 100, ga kuma wari. Sun gwada wata roba mai narkewa a digiri 60 kacal, sun gwada robar jarka, kowace da matsalarta. Wajen 2007 sai aka fara gwada PLA, robar da ake samu daga sitacin masara ko rake. Tana fita a digiri 190 zuwa 220, tsukewarta kaɗan ce, tana manne wa faranti ko ba zafi, ba ta da wari mai damuwa. Ga mutumin da ke aiki a ɗakin da bai wuce digiri 20 ba, wannan zaɓi ne mai hankali, ba abin zargi.

Sai dai an zaɓi PLA ne don sauƙin bugawa, ba don jure aiki ba. Tana narkewa sama da digiri 150, amma tun daga 55 zuwa 60 take sakin jiki: sarƙoƙin da suka haɗa ta su fara zamewa, abin da yake ƙandas ya koma mai lanƙwasuwa da yatsa. A robar PETG wannan mataki yana wajen 80, a ABS wajen 105. A Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura digiri 40 a Zinder. Baƙar roba a rana, ko abin da aka bari gaban mota a rufe a bakin kasuwar Dole, ko aka maƙala ƙarƙashin rufin kwano, yana iya wuce 60 cikin sauƙi. Kuma ba sai an kai can ba. PLA da aka ɗaure da noti tana bin nauyi sannu a hankali ko a digiri 45, notin ya yi sako-sako ba tare da an ga tsagewa ba. Gwajin ja na minti kaɗan ba ya nuna wannan ko kaɗan.

Da rajistar Crump ta ƙare a 2009, sai injuna masu araha suka yi ta fitowa, akasarinsu a kan zanen RepRap, an daidaita su a kan PLA: zare mai kaurin milimita 1.75, baki 0.4, jiki a buɗe ba akwati. A 2013 Afate Gnikou ya haɗa nasa injin a Lome daga tarkacen kwamfutoci, abin alfahari ga yankinmu. Injin ya bazu, ma'aunin ingancinsa kuwa ya biyo baya a makare: hukumomin tsara ma'auni sun kafa kwamitocinsu na wannan fanni, ASTM a 2009, ISO a 2011. Har yau ƙa'idar gwajin roba ta gama-gari tana cewa a auna a digiri 23 da danshi kashi 50. Lambar da ɗalibi ke nuna wa makanike daga irin wannan ɗaki ta fito, sau da yawa ma daga samfurin da aka buga a kwance ko aka zuba a mazubi. Shi ya sa kowannensu ke da gaskiya.

Abin da ya rage wa mai bincike a nan shi ne ya auna a yanayinmu. Samfurin gwaji na ISO 527 ko ASTM D638, a buga aƙalla biyar a kwance, biyar a gefe, biyar a tsaye, cike kashi 100, kaurin sahu 0.2. Na tsaye kan faɗi zuwa rabin ƙarfin na kwance ko ƙasa da haka. A rubuta zafin baki da gudun fanka, domin fanka mai ƙarfi na sanyaya sahu kafin na gaba ya manne masa. Samfurin da ya tsinke a kafaɗa, inda ya fara faɗi, ba a siririyar tsakiya ba, a cire shi daga lissafi. Masu binciken 2002 sun gamu da haka har suka canza siffar samfurinsu. In ba injin ja, a buga sanduna biyu, a kafe kowace a bakin tebur, a rataya mata nauyin da aka sani, a ajiye ɗaya a ɗaki ɗaya a rana, a riƙa auna lanƙwasa da zafin jikinsu kullum a daidai lokaci guda.

Lokacin shekara ma ya shiga rahoto. Da damina zare na shan danshi, ya riƙa tartsatsi a baki yana barin ramuka, don haka a busar da PLA a digiri 45 zuwa 50 na sa'a 4 zuwa 6, a ajiye ta cikin bokiti mai murfi. Da hunturu ƙura ke toshe baki, sahu ya fito da giɓi; ɗan soso da aka naɗa wa zare kafin ya shiga yana rage wannan. In kuran ya ɗauke aka ci gaba daga baya, sahun haɗin ya riga ya huce, nan abin zai karye, kuma irin wannan samfuri bai cancanci gwaji ba.

Ana iya gasa PLA a digiri 80 zuwa 100 na minti 30 zuwa 60, a binne cikin yashi mai laushi don kada ta karkace. Tana ƙara jure zafi sosai, amma girmanta na canzawa, sai an sake auna ramukan noti. Ga abin da zai zauna a babur ko kusa da sola, PETG ta fi dacewa, robar ASA kuma ta fi jure hasken rana, muddin injin yana da faranti mai zafi da akwatin da zai kare aikin daga iska.