Uruk

Uruk tsohon birni ne na Sumeriyawa a kudancin Iraƙi ta yau, kusa da garin Samawa. Kufansa ana kiransa Warka, kuma a littafin Attaura an ambace shi da sunan Erek. Masana da yawa suna ɗaukarsa a matsayin birni na farko a duniya da ya cancanci sunan birni.

An kafa shi a bakin wani tsohon reshe na kogin Furatu. Ruwan sama ba ya isar noma a wannan yanki, don haka sai da mutane suka haƙa magudanai suka ja ruwan kogi zuwa gonakin sha'ir da lambunan dabino. Amfanin gona ya yi yawa har ya ciyar da waɗanda ba sa noma: magina tukwane, masaƙa, maƙera da masu hidimar ɗakunan bauta. Wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya, ana ƙiyasta mazauna birnin sun kai 40,000. Ƙasar ba ta da katako ko ƙarfe, sai fatake suka riƙa kawo su daga nesa, har mutanen Uruk suka kafa zango a Habuba Kabira ta ƙasar Siriya.

Zuciyar birnin unguwanni biyu ne na bauta: Eanna ta gunkiya Inanna, da tudun gunki Anu mai farin ɗakin bauta a samansa. A Eanna aka tono dubban allunan yumɓu masu ɗauke da rubutu mafi tsufa a yankin, na wajen 3300 zuwa 3000 kafin Miladiyya. Abin ban sha'awa, mafi yawansu lissafi ne: mudun sha'ir nawa ya shiga rumbu, tumaki nawa aka karɓa, abincin ma'aikata nawa aka raba. Dukiyar ta fi ƙarfin a riƙe ta a ka, wannan buƙata ce ta haifi rubutu. Adabi ya zo ne bayan ƙarnoni.

Daga baya aka kewaye birnin da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 9, wadda labaran gargajiya suka danganta ga Sarki Gilgamesh. Da kogin ya sauya hanya, birnin ya yi ta raguwa har aka watse.

Jamusawa sun fara tonon kufan a 1912, kuma UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016.