Kafin a zuba harsashi: yadda hukuma ke tantance rukunin gidaje a Kano, da inda maƙwabta ke da ta cewa

Duk wanda ke zaune a gefen gari, ko ta Kumbotso, ko ta Ungogo, ko can gaba da sabuwar Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo, ya san yadda abin ke farawa. Gonar da aka saba ganin dawa da gero a cikinta, sai a wayi gari ga masu awo da na'urarsu mai ƙafa uku. Bayan 'yan kwanaki an binne duwatsun iyaka, an kafa ƙaton allo mai hoton abin da za a gina: benaye a gaba, gidaje masu ɗaki biyu da uku a baya, jerin shaguna a bakin titi, masallaci da makaranta a kusurwa. A majalisar bayan la'asar sai ka ji wani ya ce, "Ai yana da takarda, babu yadda za a yi da shi." Rabin maganar nan ne kawai gaskiya, kuma ɗaya rabin ne ke jawo wa unguwanni asarar da ba ta gyaruwa.

Takardu biyu ne, mutane ke haɗa su su zama ɗaya. Ta farko ta mallakar fili ce. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da aka ayyana birni ne, gwamna ke ba da haƙƙin zama a fili, shaidar hakan kuwa ita ce satifiket ɗin da kowa ke kira C of O, galibi na shekara 99. A Kano wannan aikin Ma'aikatar Ƙasa ne da hukumar KANGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Takarda ta biyu ita ce izinin gini, kuma tana hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, wadda manyanmu suka sani da sunan KASEPPA. Ta farko tana cewa filin naka ne. Ta biyu ce ke faɗin abin da za ka iya ɗorawa a kansa, da tsayinsa, da inda zai tsaya. Mutum na iya riƙe satifiket mai kyau a hannu, amma ginin da ya yi ya zama haramtacce a idon doka.

Akwai wani abu a jikin satifiket ɗin da masu saye ba su cika karantawa ba: manufar filin. Ana rubuta cewa na zama ne, ko na kasuwanci, ko na noma, ko na masana'anta. Wanda ke son haɗa gidajen zama da shaguna a filin da aka ba shi don noma ko don zama kaɗai, sai ya fara neman canjin manufa a hukumance. Idan ya tsallake wannan, ya saɓa sharuɗɗan takardarsa, kuma sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin wanda ya saɓa su. Yawancin filazojin, wato benayen shaguna, da suka tsiro a tsakiyar unguwannin zama, suka cinye hanya da motocin kwastomomi, tambayar farko da ya kamata a yi a kansu ke nan.

Tsara gari ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun farkon shekarun 1960 aka yi wa birnin da kewayensa tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya jagoranta. Garin ya daɗe da tsere wa wannan tsari, ya mamaye ƙananan hukumomi takwas yana kutsawa cikin na maƙwabta. A matakin ƙasa kuma akwai dokar tsara birane da yankuna ta 1992, doka ta 88. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka a Kano maganar ƙarshe tana ga dokar jiha da KNUPDA. Duk da haka dokar 1992 ita ce madubin da ƙwararru ke duba aikinsu da shi, shi ya sa zan riƙa ambaton ma'auninta.

To, a ce ga kamfani ya sayi gonaki ya haɗa hekta goma, yana son gina irin rukunin da ke jikin allon nan. Abin da zai fara kaiwa hukuma shi ne shaidar mallaka, da taswirar awo daga mai safiyo mai rajista, da leyawut, wato zanen yadda za a yanka filin: ina titi, ina fuloti, ina magudanar ruwa, ina filin jama'a. Bayan an amince da wannan ne ake zuwa kan zanen kowane gini, wanda mai zanen gini da injiniya masu lasisi za su sa wa hannu da hatimi. Bene kuwa sai da lissafin ƙarfe da kankare, manya ma har da gwajin ƙasa. Wanda ya tuna benen da ya rufta ana tsaka da gininsa a titin Beirut a Agustan 2022 ba zai ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci ba.

Ni a ganina duk rigimar tana kan leyawut, domin ɗaki ana iya rushe shi a gyara, amma titin da aka yanka ƙarami ya tafi ke nan har jikoki. Mu da muka tashi a unguwannin awon igiya mun san kuɗin da ake biya: lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, mai naƙuda da sai an tallabo ta zuwa bakin titi, makarar da sai an karkata ta kafin ta wuce kwana. Dillali da mai gona kowace ƙafa ɗaya kuɗi ce a wurinsu, don haka hanya ce ke fara shan wuƙa. Jami'in tsara gari zai duba faɗin titunan cikin rukunin, da ta inda za su haɗu da babban titi, da ko sun toshe wata tsohuwar hanya da mutanen ƙauyen ke bi zuwa gona, maƙabarta ko kasuwa. Addininmu ma ya riga kowa: hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan hanya, a sanya faɗinta zira'i bakwai. Wancan ma'aunin zamanin raƙumi da jaki ne, ina ga zamanin tifa da tankar ruwa.

Sai ruwa. Gona tana shanye ruwan sama, kwano da siminti ba sa sha. Hekta goma da aka rufe da rufi da daɓe, duk ruwan Agusta da ya sauka a kanta dole ya nemi mafita, kuma mafitarsa ita ce gidan wanda ke gangare. Ba ya wadatarwa a ce an yi kwata a cikin rukunin. Tambayar ita ce ina bakin kwatar ya ƙare, kuma wurin da ya ƙare zai iya ɗauka? Idan akwai kududdufi a filin, a tambaya me za a yi da shi. Kududdufan Kano, waɗanda aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, su ne suka daɗe suna riƙe wa birni ruwan damina. Da aka bi su ana cikewa ana yanka fulotai, ruwan bai fasa zuwa ba, gidaje ya koma shiga. Ambaliyar Kantin Kwari ta 2022, wadda ta lalata wa 'yan kasuwa dilolin atamfa da shadda, ta sa kowa ya yi ta maganar gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa, sai dai an yi maganar bayan kaya sun jiƙe.

Akwai wuraren da ba a gini ko da filin naka ne. Ƙarƙashin babban layin lantarki na ɗaya daga ciki: layi mai ƙarfin kilobolt 330, irin wanda ke shigowa tashar Kumbotso, ana bar masa faɗin mita 50, mai 132 kuma mita 30. Haka gefen layin dogo da bakin rafi.

Abin da ya bambanta rukuni mai gauraye da sauran shi ne yadda ake zaunar da abubuwa mabambanta kusa da juna ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba. Shago yana jawo mota, janareta da hayaniyar dare, don haka ana duba wurin ajiye motoci, da ta inda za a sauke kaya, da irin sana'ar da za a yarda da ita. Mai sayar da kayan masarufi daban, mai walda ko mai cika tukunyar gas daban. Bene mai hawa uku da aka jingina da katangar gidan ƙasa kuwa, a Kano wannan babbar magana ce, domin tagar sama tana kallon tsakar gidan da mata ke aikinsu. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kan tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, bisa ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. A harshen masu tsara gari wannan yana shiga ƙarƙashin tazara tsakanin gini da iyaka, da tsayin gini, da inda taga ke fuskanta. Ƙorafi ne karɓaɓɓe, kuma gyaransa a kan takarda ba ya cin ko buhun siminti ɗaya: a mayar da benayen bakin titi, a bar ƙananan gidaje ta gefen tsohuwar unguwa.

Ina goyon bayan a gauraya manyan gidaje da ƙanana. Unguwar da malamin makaranta da ɗan kasuwa ke haɗuwa a sahu ɗaya ta fi lafiya a kan wadda aka killace wa masu hali kaɗai. Abin tsoro shi ne abin da ke faruwa bayan an samu sa hannu. Filin da zane ya nuna makaranta ne, ko asibiti, ko wurin wasan yara, sai a bar shi fayau shekara biyu uku, mutane su manta, rannan a ga an zagaye shi da bulo. Duk wanda zai sayi gida a irin wannan wuri, ko yake maƙwabtaka da shi, ya nemi ganin leyawut ɗin da aka buga wa hatimi, ya rubuta lambarsa, wadda galibi ke farawa da TP, ya ɗauki hotonsa a waya ya ajiye. Wannan hoton ne hujjarsa ranar da aka zo yanka filin makaranta.

Batun muhalli yana da nasa ma'auni. Dokar 1992 ta tsara birane ta ce filin gidajen zama da ya wuce hekta 2 sai an haɗa da cikakken rahoton tasirinsa ga muhalli. Hekta 2 ba wani babban fili ba ne, bai fi fuloti arba'in da 'yan kai na ƙafa 50 sau 100 ba, tun ma kafin a cire hanya. Wata dokar tarayya daban, doka ta 86 ta 1992, ta wajabta cikakken nazarin muhalli ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50, kuma irin wannan rahoto ana baje shi kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi magana.

Hukuma na iya amincewa, ko ta amince da sharuɗɗa, ko ta ƙi. A ma'aunin dokar 1992 ta tsara birane, jinkirin yanke hukunci kada ya wuce wata uku, ƙin amincewa sai da dalili a rubuce, izinin kuma yana aiki ne shekara biyu, idan ba a fara gini ba sai an sabunta. Wanda ya yi gini ba izini, ko ya kauce wa zanen da aka amince masa, ana fara masa da takardar dakatarwa, da jan fentin nan da muke gani a jikin katanga, kafin a kai ga rusau, wanda dokar ta ce sai an ba da sanarwar kwana 21. Kanawa sun ga yadda rusau yake a Yunin 2023, lokacin da gwamnatin jiha ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, aka kuma ƙare a kotu ana shari'ar diyya. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wancan rikici, waɗanda suka fi jin jiki su ne masu ƙaramin ƙarfi da suka sayi shago ko suka kama haya suna ganin takarda a hannu.

Maƙwabta fa, me za su yi? Kada su jira a kira su taro, domin ba kowane aiki ake kiran taro a kansa ba. Ranar da aka ga masu awo, ranar ya kamata a fara motsi. A je wa mai unguwa da dagaci, saboda da wuya a sayar da gona a yankinsu ba su sani ba, kuma sa hannunsu yana ƙara wa takarda nauyi. Sannan a rubuta wa shugaban KNUPDA wasiƙa da sunan ƙungiyar unguwa, a kai kwafi Ma'aikatar Ƙasa da ƙaramar hukuma, a tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, ana iya dogara da ita a nemi sanin ko an amince da leyawut ɗin, da kuma wace manufa.

Yadda aka rubuta wasiƙar yana da muhimmanci ƙwarai. "Ba ma son baƙi a unguwarmu" ba hujja ba ce, kuma bai kamata ta zama hujja ba, mutane na buƙatar muhalli. Jami'in da ke riƙe da fayil abin da zai iya aiki da shi yake nema: hanyar da muke bi zuwa maƙabarta ta ratsa ta gabashin filin, ga hotonta, ruwan unguwa yana taruwa a kududdufin da ke kudu, ga hoton yadda ya cika a daminar bara, taransifomarmu ɗaya ce kuma tuni ta yi mana kaɗan, gidaje goma sha biyu ne katangarsu ke jingine da inda aka zana benaye. A sa kwanan wata, a sa sunayen masu sa hannu da lambobin wayarsu, a kuma wakilta mutum biyu da za su riƙa komawa ofishin duk mako suna tambayar inda fayil ɗin ya kwana.