Had disk ya lalace da hotuna a ciki: me ake yi, me ake gujewa?

Kwamfuta ta daina ganin had disk, wato faifan da take adana bayanai a ciki. Mene ne matakin farko?

Kashe ta, ka bar ta a kashe. Yawan kunnawa da kashewa da fatan za ta tashi shi ke ƙarasa faifan da ke da sauran numfashi. Idan ka ji yana "ƙas, ƙas, ƙas" yana maimaitawa, allurar da ke karanta bayanai ce ta samu matsala. Faifan ciki yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allurar kuma shawagi take a samansa ba ta taɓa shi. Da zarar ta lanƙwashe ta taɓa, kankare fuskar faifan take yi, abin da aka kankare kuwa ba mai dawo da shi. Wannan aikin ƙwararru ne masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga. Kada ka yarda a buɗe murfinsa a kan teburin shago, balle lokacin hunturu. Sa shi a firiza ma ɓarna ce, raɓa za ta taru a ciki.

To idan ba ya wata ƙara fa?

Cire shi ka haɗa da wata kwamfuta ta kebul ɗin USB zuwa SATA, wato mahaɗin da ke jikin had disk. Na laftop mai inci 2.5 wutar USB ta ishe shi, amma babban mai inci 3.5 sai da adafta mai bolt 12. Idan ko juyawa bai yi ba bayan wuta ta dawo da ƙarfi, sau da yawa allon lantarkin bayansa ne ya ƙone, faifan yana lafiya. Canja allon kaɗai ba ya isa, sai an ɗauke ƙaramin guntun ROM na tsohon, mai riƙe da saitin faifan, an manna a sabon.

Windows ta ce in yi fomatin. In yarda?

A'a. Haka ma chkdsk, umarnin Windows na gyaran faifai, domin rubutu yake yi a kan faifan da ke ciwo. Abin yi shi ne ka kwafe faifan dungurungum zuwa wani lafiyayye mai girmansa ko fiye, da manhajar ddrescue a Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa, ta tsallake masu wuya, ta dawo musu daga baya. Ka ba ta fayil ɗin taswira, inda take rubuta wuraren da ta riga ta kwafa, don ko wuta ta ɗauke ta ci gaba daga inda ta tsaya. Duk binciken da zai biyo baya a kan kwafin za a yi shi.

Wace manhaja ce ke fito da hotunan?

TestDisk na dawo da ɓangaren faifan da ya ɓace, fayiloli su fito da sunayensu. In hakan ya faskara, PhotoRec na bin faifan tana gane hotunan JPEG da sauransu ta alamar farkonsu. Sunaye da jaka-jaka dai sun tafi, za ka tarar da lambobi zalla. Ka adana abin da ya fito a wani faifai daban, in ba haka ba sabon rubutu zai danne wanda ba a ciro ba tukuna.

SSD fa?

A SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, lamarin ya fi tsauri. Umarnin TRIM, da kwamfuta ke aika wa SSD, kan sa a share abin da aka goge ba da jimawa ba, manhaja ta tarar da wayam. Idan kuma BitLocker, makullin Windows mai kulle bayanan faifai, na kunne, nemo mabuɗinka mai lambobi 48 a asusunka na Microsoft kafin ka kai wa kowa.