Ajin rainon yara: wa doka ta tilasta wa, wa ta ƙyale?

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp, daga Birnin Kebbi har Jega da Argungu, wai duk uwar da ba ta kai ɗanta ɗan shekara uku ajin raino ba, za a ci tararta ko a ɗaure ta. Wasu kuma cewa suke gwamnati ta ɗauke wa iyaye nauyin raino, kowa ya kai jaririnsa firamare a riƙe masa kyauta. Duka biyun ba haka abin yake ba.

Dokar da ake jingina maganar gare ta ita ce ta ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, takwararta SUBEB kuma ke kula da aikin a jiha. Inda take bayanin abin da ake nufi da ilimin tushe, ta haɗa kula da ƙananan yara da karatun shekara tara. Daga nan ruɗanin ya samo asali. Amma sashe na 2, wanda ya ɗora wa iyaye wajibi, firamare da ƙaramar sakandare kaɗai ya ambata. Ɗan shekara uku ko huɗu ba ya ciki.

Hukuncin ma hawa-hawa ne. Karon farko da kotu ta sami mahaifi ko mariƙi da laifin hana yaro makaranta, tsawatarwa ce kawai. Karo na biyu, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyu. Idan ya sake, naira 5,000 ko wata biyu, ko a haɗa masa. Kotu ce ke yankewa. Duk wanda ya zo ƙofar gida yana neman a biya shi tara, macuci ne.

Sashe na 3 shi ya kamata ya yi yawo a wayoyi: wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne a firamare ko ƙaramar sakandare ta gwamnati, zai iya shan tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku, ko duka.

To ina ajin share fage? Kundin manufofin ilimi na ƙasa na 2013 ya ƙara shekara ɗaya kafin aji ɗaya, don 'yan shekara biyar, ya ce kyauta ce kuma dole. Sai dai manufa ce, ba ta zo da tara ba. Yara daga haihuwa zuwa shekara huɗu kuwa, kundin ya bar su a hannun makarantun kuɗi da masu ayyukan jin daɗin jama'a.

Nan ne raina bai kwanta ba. Uwar da za ta fita yankan shinkafa a fadama ko ta zauna kasuwa wuni guda, ba ta da kuɗin makarantar raino, a ƙauye ma babu makarantar. Sai ta goya wa 'yarta 'yar shekara tara ƙaninta. Yarinyar nan ita ce doka ta ce a hukunta iyaye idan ba ta zuwa aji, alhali ba a tanadi inda za a ajiye jaririn ba. Kuma hanyar kuɗi tana nan: dokar ta ware wa ilimin tushe aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo kasonta kafin ta karɓa. Iyaye da kwamitin makaranta suna da ikon tambayar SUBEB nawa ne daga ciki ya shiga ajin ƙananan yara a mazaɓarsu.