Waiwaye: Yadda Burauzar Intanet Ta Dawo Hannun Injina Uku

Duk wanda ya gaji da Chrome ya shiga neman wata burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, zai tarar da sunaye birjik: Brave, Edge, Opera, Vivaldi, Samsung Internet. Sai dai lamarin kamar motocin tasha ne, fenti daban, bodi daban, amma da ka ɗaga murfin gaba sai ka ga inji iri ɗaya. Inji a nan shi ne sashen burauza da ke karanta shafi ya nuna shi a allo, kuma dukkan waɗannan a kan injin Blink suke tafiya, wanda kamfanin Google ke jan ragamarsa. Injinan da suka rage a fagen da gaske uku ne kacal: Blink, da WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla, wanda Firefox ke tafiya a kansa. Wannan ƙunci yana da tarihi, kuma wanda bai san shi ba zai iya canza wa tuwo suna ya ɗauka ya sauya abinci.

Tim Berners-Lee ne ya rubuta burauza ta farko a 1990, a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, kuma a Afrilun 1993 cibiyar ta sake wa duniya fasahar kyauta. A shekarar ce Mosaic ta fito daga Jami'ar Illinois a Amurka, mai nuna hoto tare da rubutu a shafi ɗaya. Ɗaya daga cikin matasan da suka haɗa ta, Marc Andreessen, ya shiga kafa kamfanin Netscape, wanda burauzarsa Navigator ta fito a ƙarshen 1994 ta mamaye kasuwa nan da nan.

Microsoft bai tsaya kallo ba. A 1995 ya fitar da Internet Explorer, daga baya ya cusa ta cikin Windows, ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a ciki, ba ko sisi. Mai sayar da kaya ba ya iya takara da mai rabawa kyauta, musamman idan mai rabawar shi ne mai kasuwar baki ɗaya. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai Netscape ya yi abin da manyan kamfanoni ba su saba yi ba: a ranar 31 ga Maris, 1998 ya buɗe wa kowa rubutun da aka gina burauzarsa da shi, ƙarƙashin wani shiri mai suna Mozilla. Wannan shi ake nufi da buɗaɗɗen tushe, wato kowa na da damar karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya gina tasa a kai. Ita kanta kalmar a Turance, wato open source, a farkon shekarar aka raɗa ta, a wani zama da aka yi a Kalifoniya jim kaɗan bayan sanarwar Netscape.

Buɗewar ba ta ceci kamfanin ba. Kamfanin intanet na AOL ya saye shi, Internet Explorer kuma ta kai ga riƙe sama da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga intanet. Gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu a 1998, alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a shekarar da ta biyo, aka ƙare da sulhu.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi tsaya mini a rai. Internet Explorer 6 ta fito a 2001, kuma sai da aka shekara biyar cur kafin ta 7 ta zo. Da babu abokin takara, sai aikin ya tsaya cak. Ɓarayin intanet suka samu ƙofofin shiga, masu gina shafuka suka koma rubuta abin da zai yi aiki a burauza ɗaya tak, har ana manna sanarwar cewa shafin da Internet Explorer kawai ake kallonsa da kyau. Waɗanda suka yi zaman kafe a wancan lokaci za su tuna tagogin talla da ke faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kana rufe wannan wancan na buɗewa, lokacin da ka biya kuɗinsa yana tafiya.

Daga tokar Netscape ne wasu ƴan tsiraru, cikinsu har da Blake Ross da Dave Hyatt, suka fitar da ƙaramar burauza mara nauyi. Sunanta na farko Phoenix, aka koma Firebird, rikicin suna ya sa aka tsaya a kan Firefox. Ta fito a hukumance ranar 9 ga Nuwamba, 2004, kuma dubban masoyanta suka yi karo-karo suka sayi shafi biyu na talla a jaridar New York Times. Wajen 2009 ta riƙe kusan kashi 30 cikin ɗari na kasuwa. A ganina wannan ce nasara mafi girma da buɗaɗɗiyar manhaja ta taɓa samu a hannun mutanen da ba ƙwararru ba, domin ita ta tilasta wa Microsoft farkawa.

A gefe guda kuma, wani ƙaramin inji mai suna KHTML, aikin masu sa kai na KDE, wani shirin buɗaɗɗun manhajoji, ya shiga hannun Apple, wanda ya gina Safari a kansa a 2003, ya kira nasa reshen WebKit. Google ya ɗauki WebKit ya fitar da Chrome a Satumban 2008, sannan a 2013 ya ɓalle da nasa reshen, Blink. A shekarar Opera ta yar da injinta Presto ta bi sahu. Microsoft ma ya miƙa wuya, a Janairun 2020 ya fitar da Edge a kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa mai ɗauke da Blink, aka yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022. Firefox kuwa ta yi ta zamewa har rabonta ya koma ƴan kaso ƙalilan.

A nan ne maganar ta yi sarƙaƙiya. Chromium buɗaɗɗe ne, kowa na iya ɗauka, amma yawancin ma'aikatan da ke rubuta shi albashin Google suke ci, kuma Google da talla yake rayuwa. An ga tasirin hakan lokacin da kamfanin ya sauya dokokin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, tsarin da ake kira Manifest V3. Daga 2024 Chrome ta fara kashe uBlock Origin, fitacciyar mai toshe talla da masu bibiyar sawun mutane. Google ya ce don tsaro ya yi, masu suka suka ce kasuwarsa yake karewa. A Firefox dai uBlock Origin tana nan tana aiki yadda take. Ga wanda ke ƙirga data da megabayit, tallar da ba ta sauka ba kuɗi ne da ya rage a aljihu. Rage cin data ne dalilin da ya sa Opera Mini ta samu karɓuwa a wayoyinmu, ko da yake ita kyauta ce kawai, tushenta a rufe yake.

Ita ma Mozilla ba ta tsira ba. Mafi yawan kuɗin shigarta daga Google suke fitowa, ladan sanya shi a matsayin shafin bincike na farko a Firefox. Da alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci a Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba, Mozilla na cikin waɗanda hankalinsu ya tashi, don idan kotu ta hana Google biyan wannan kuɗi, hakan zai iya durƙusar da ita. Abin takaici ne a ce babban madadin yana ci ne daga hannun wanda yake takara da shi. Duk da haka Firefox na zaɓa, saboda idan Gecko ya mutu, babu sauran inji a wajen kamfanoni biyu mafi ƙarfi.

Don haka tambayar da ta kamata mai zaɓe ya fara yi ita ce wane inji, kuma wa ke biyan masu kula da shi. Brave buɗaɗɗiya ce, tana toshe talla da kanta, amma a kan Chromium take. Vivaldi wani sashenta a rufe yake. LibreWolf da Waterfox da burauzar Tor daga Firefox suka tsiro, rayuwarsu a ɗaure take da tata. Mai iPhone kuwa, a wajen Tarayyar Turai da Japan kusan duk sunan da ya sauke WebKit ne a ciki, domin haka Apple ya shar'anta.

Akwai masu ƙoƙarin ƙera sabon inji daga tushe. Servo, wanda Mozilla ta fara ta kuma sallami ma'aikatansa a 2020, ya farfaɗo a ƙarƙashin gidauniyar Linux. Ladybird, wadda Andreas Kling ya faro, ta zama ƙungiya mai zaman kanta a 2024, da alƙawarin dogaro da gudummawa ba tare da karɓar kuɗin wani kamfanin bincike ba.